Ƙwaryar Gidan Barmani

Mafarkin da na yi daren jiya a bakin teku ya fara, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce dam ɗin Mairuwa ba.

Amma bari in fara faɗin yadda na kwanta. Sunana Tanimu, gyaran fanka da dutsen guga nake yi a Funtuwa. Mahaifiyata, Inna, tana ɗakin da ke jikin nawa. Tsufa ya rikita mata tunani, har takan dube ni ta tambaye ni ɗan wane gida ne. Wannan mun saba da shi. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne rufe bakin da ta yi. Ta daina ci, ta daina sha. Matata Uwani ba irin kunun da ba ta dama ba, amma Inna sai ta kalli kofin, ta kalli fuskar mai miƙo shi, ta yi jim kamar tana jiran wani abu, sannan ta kau da kai. Mun kai ta asibiti, an duba maƙogwaro an ce lafiya lau, an yi mata ƙarin ruwa. Likitan ya ja ni gefe ya ce ƙarin ruwa ba zai riƙe ta da nisa ba. Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma ba a yi wa uwa fushi, shi ya sa fankokin mutane suke shan wahala a hannuna kwanakin nan. Da wannan tsoron na kwanta.

Sai ga ni tsaye a kan yashi. Gari ya waye sarai amma babu rana a sama. Tekun yana tafasa a hankali, yana kawo kumfa bakin gaɓa yana komawa da ita. Ana yayyafi, sai dai daga ƙasa yake tasowa, ya jiƙa mini tafin ƙafa da ƙasan haɓa, ya wuce sama abinsa. Inna tana gefena da sandarta. A wuyana an rataye filas ɗin Uwani, mai jan murfi.

A gabanmu akwai wata ƙofa tsaye ita kaɗai, ba bango ba rufi. Na so mu zagaye ta, amma na ga hakan rashin kunya ne, sai na yi sallama muka shiga. A bayanta wani bunsuru ne zaune a kan kujera da tabarau a hanci, yana tauna.

“Kun zo zagayen gidajen giya,” in ji shi.

“A'uzubillahi. Ni ban taɓa sha ba.”

“Ba kai aka gayyata ba. Kai ɗan rakiya ne.” Ya juya wajen Inna ya sunkuyar da ƙaho. “Sannu da zuwa, Kyauta.”

Sau ɗaya na taɓa jin wannan sunan, a bakin wata tsohuwa da ta zo ta'aziyyar Baba. Shi ne sunan Inna na yarinta. Mahaifiyarta, Barmani, Bamagujiya ce mai dafa burukutu a wani ƙauye bayan Ƙafur, kuma ta rasu tun kafin a haife ni. Inna ta musulunta lokacin aurenta, aka sa mata Rabi, daga nan ba a sake tayar da zancen a gidanmu ba.

Bunsurun ya nuna wani dutse can nesa, wanda kansa ya shige cikin gajimare.

“Gidajen daga nan suka fara, har kan wancan. Kowane gida da irin hannunsa, ba mai dafa irin ta wani. A kowanne za a miƙa mata. In ta sha a hanya, nasu ko naka, sai ku koma gida tare.”

“In ba ta sha ba fa?”

“Sai gidan ƙarshe. A can kowa yana sha.”

“Sannan mu koma?”

“Sannan ka koma.”

Na gane abin da yake nufi, shi ma ya ga na gane. Ya miƙo hanci ya sunsuni filas ɗin.

“Me ke ciki?”

“Kunun tsamiya.”

“Tsamin ya ji?”

“Ina zan sani? Matata ce ta dama.”

Ya dube ni ta saman tabarau ya ci gaba da tauna. Ban taɓa ganin dabbar da ta raina ni kamarsa ba.

Gidan farko a cikin ruwa yake, a kan dogayen turaku. Ban tuna mun hau jirgi ba, kawai dai mun tsinci kanmu a kan benci. Bammi suke yi a wurin. Itatuwansu a kife suke, saiwa a sama, ganye yana lilo a kan teku, don haka ba a hawa, sai dai a miƙa hannu a tatsa. Mata ne suke aikin, sun yi ɗaurin ƙirji, hannuwansu fari fat da gishiri. Sai da ɗayarsu ta matso na lura ba ta da baki. Daga ƙasan hanci har haɓa fata ce sumul. Dukansu haka suke.

Randar da ke tsakar gidan ce take yi musu magana. Kumfa ta taso ta fashe, murya ta fito.

“Namu na asuba ne, bai ga rana ba. Muna jefa masa ƙwayar gishiri don kada ya manta inda ya fito.”

“Ya yi daɗi?” na tambaya.

“Haka baƙi suke cewa.”

Matar ta cika ƙoƙo ta durƙusa gaban Inna. A nan ne ni Tanimu, da ba na wuce sahun farko a masallacin unguwarmu, na ji kaina ina roƙon Allah a zuci uwata ta sha bammi. Kunya ta kama ni, amma ban janye roƙon ba.

Inna ta kalli ƙoƙon. Ta ɗaga ido ta kalli inda ya kamata bakin matar ya kasance. Ta jira. Tekun ma ya daina tafasa ya jira tare da ita. Sannan ta kau da kai.

Furfurar kanta ta zube a kan katako gaba ɗaya, baƙin gashi ya bayyana a ƙasanta. Bunsurun ya sunkuya ya lashe furfurar tas.

“Me kake ci haka?”

“Shekaru. Ba a barin su a ƙasa, yara suna takawa.”

Sai ga mu a bayan wata a-kori-kura tana hawa tudu da baya. Ba direba a ciki, bunsurun ne a gidan gaba ya fito da kai ta taga. Tekun yana ta ƙanƙancewa a gabanmu har ya koma kamar faranti. Inna ta jefar da sandarta a hanya. Ta zauna a miƙe, kumatunta sun ciko, ta koma Innar da take kai ni makaranta tana riƙe da kunnena.

Gida na biyu a gindin dutse yake, cikin gonar gero. Maza ne a nan, da gero da zuma suke haɗa tasu. Hayaƙin murhunsu ba ya tashi, ƙasa yake shigewa, sai ka ji ɗuminsa a tafin ƙafa. Duk sun ba mu baya. Na zagaya in gaishe da babbansu fuska da fuska, sai na sake tarar da ƙeyarsa. Na sake zagayawa, ƙeya dai. Muryoyinsu na fitowa daga wancan gefen da ba a kaiwa, kuma gardama suke yi.

“Itacen kirya ne sirrin,” in ji ɗaya.

“Ƙarya kake. Ruwan ne. Sai an ɗebo shi tun bai ga fuskar kowa ba.”

“To ai kai ka leƙa rijiyar.”

“Da me zan leƙa?”

Suka yi dariya, kafaɗunsu suna rawa. Ni ban ga abin dariya ba. Babban ya ɗebo a ƙwarya ya miƙo ta saman kafaɗarsa, bai zubar da ko ɗigo ba. Ƙamshin zuma ya cika wurin, har ƙudan zuma suka taho da baya suna shiga.

Inna ta leƙa ta dama, ta leƙa ta hagu, tana neman fuskar mutumin. Da ba ta samu ba, ta haɗe leɓɓanta.

Na durƙusa na buɗe filas na zuba a murfi. Kunun yana tururi.

“Inna, ga namu na gida. Ki daure ko kurɓa ɗaya.”

“Malam, ɗan wane gida ne kai?”

“Naki ne, Inna.”

Ba ta kalli idona ba. Bakina ta zuba wa ido, ta daɗe tana kallo. Na ɗauka wani abu ne ya maƙale mini, sai na sa hannun riga na goge. Ta kau da kai. Na mayar da kunun cikin filas ina jin kamar in rotsa shi da dutse.

Bunsurun ya riga ya sa baki a ƙasa yana tauna.

Daga nan hanya ta ƙare, sai hawa da ƙafa. Dutsen yana da wata ɗabi'a: in ka ɗaga ƙafa za ka hau sai ka gangara, in kana son hawa sai ka yi kamar za ka sauka. Ni na kasa sabawa, ina ta zamewa. Inna kuwa ta yi gaba, zanenta yana kaɗawa. Duk lokacin da ta juyo sai in ga ta ƙara yarinta. Ta koma amaryar da ke cikin hoton ɗakin Baba, daga baya ta wuce hoton ta zama wadda ban taɓa gani ba.

Gida na uku a cikin sanyi yake, tsakanin manyan duwatsu, kuma da acca suke yi. Na ce suke yi, amma ba kowa. Muciya tana juya kanta a tukunya. Rariya tana tace kanta. A kan bencuna riguna ne zazzaune da huluna a samansu, ba mutane a ciki, ƙwarya tana zagayawa daga hannun riga zuwa hannun riga. Na yi sallama, hulunan suka ɗan sunkuya.

“Ina masu gidan?” na tambayi bunsurun.

“Sun ƙware ne sosai, har aikin ya daina bukatarsu.”

Wani tulu ya taho yana rangaji, ya karkata ya cika ƙwarya, ƙwaryar ta taso ta tsaya daidai bakin Inna. Yanzu budurwa ce, ƙirjinta da tsagar da ban san tana da ita ba. Ko kallon ƙwaryar ba ta yi ba. Hancinta ta ɗaga sama tana shaƙar wani ƙamshi da ke saukowa daga ƙololuwa, na tsiron dawa da aka shanya.

“Iya ta ɗora tukunya,” ta ce.

Ta ruga.

Na bi ta ina kiran Inna, Inna. Bunsurun ya tsaya a bakin wani dutse mai faɗi ya cire tabarau ya goge da gemunsa.

“Iyakar ofishina ke nan.”

“Ka taimake ni. Me zan yi mata ta sha?”

“Ni aikina rakiya da share hanya. Na ƙoshi kuwa.” Ya yi gyatsa, na ji ƙamshin man kadanyar da Inna take shafawa tun ina goye.

Gidan ƙarshe ba shi da wani abin mamaki, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Gidan ƙasa ne da dangar kara, irin na kowane ƙauye. An baza jar dawa a kan tabarmi ta fito da farin tsiro. Ga dutsen niƙa, ga manyan tukwane a jere sun yi baƙi, ga dusa an tara wa awaki. Hayaƙi sama yake tashi yadda Allah ya yi shi. A jikin danga tsofaffi ne zaune, maza da mata, kowa da ƙwaryarsa a cinya, ba mai magana. Sanyin wurin ya sa numfashina yana fita fari. Na duba bakunansu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda nasa yake fita.

Wata mace tana juya tukunya da muciya. Ba ta kai ni shekaru ba. Tana da wushirya irin ta Inna, irin tawa. A jikin zanenta wata yarinya ce maƙale, da jigida a ƙugu, leɓɓanta sun bushe sun tsattsage. Leɓɓan ne kaɗai ba su canza ba tun daga bakin teku.

“Kai ne na Kyauta?” matar ta tambaya, ba ta daina juyi ba.

“Ni ne, Kaka.”

“Barmani ake ce mini. Kun bar mini 'ya da ƙishi.”

“Wallahi ba abin da ba mu miƙa mata ba. Kunu, fura, shayi, har ruwan Zamzam.”

“Miƙawa,” ta ce, kamar mai tofar da ƙashin kifi.

Ta wuce tukwanen da suka kwana suka yi kumfa, ta je wajen wata ƙarama a gefe.

“Kwantar da hankalinka, Malam, na ga goshinka. Wannan bai kwana ba, bai zama giya ba tukuna. Zaƙi ne zalla, shi muke ba yara.”

Ta ɗebo a wata tsohuwar ƙwarya da aka ɗinke tsagarta da zare. Ta durƙusa daidai tsayin yarinyar. Na ɗauka miƙa mata za ta yi. Sai ta kai ƙwaryar bakinta ita kanta, ta kurɓa, ta ɗaga haɓa yadda yarinyar za ta ga maƙogwaronta ya motsa. Ta sa babban yatsa ta share gefen, ta juya ƙwaryar har daidai inda bakinta ya taɓa ya fuskanci yarinyar.

“A gidan mai dafawa ba a ba mutum abin da mai bayarwa bai fara sha ba,” ta ce da ni. “Ko baƙo ne, ko ɗan cikinka. Mutane da yawa suna shigowa, ba ka san cikin kowa ba. Tun tana rarrafe na hore ta: duk wanda ya ba ki bai kurɓa ba, ki rufe bakinki, ko wane ne shi. 'Yata mai jin magana ce.”

Yarinyar ta buɗe baki.

Na tuna yadda take kallon fuskar Uwani ta jira. Na tuna yadda ta kalli bakina a gonar gero, ni kuma na goge shi da hannun riga. Duk abin da muka koya mata da wanda Baba ya koya mata ya zube a hanya, bunsuru ya cinye. Abin da uwarta ta fara koya mata ne kaɗai ya rage, kuma mu ba mu san shi ba, don ba a zancen a gidanmu.

Na cafki filas. Na murɗa murfin hagu, ya ƙara ɗaurewa. Na murɗa dama, ya ƙara ɗaurewa. Ni da nake kwance kusoshin da suka shekara da tsatsa, murfin roba ya gagare ni. Na sa haƙori. Tsofaffin jikin danga duk suka juyo suna kallona, suka matsa kaɗan suka buɗe wuri ɗaya a tsakaninsu, daidai zaman mutum.

“Inna!”

Ba ta juyo ba. Ƙwaryar ta taɓa leɓenta na ƙasa.

Ban taɓa kiran sunan mahaifiyata ba tun da aka haife ni, ko na Rabin ma. Harshena ya yi nauyi, amma na ɗaga shi.

“Kyauta.”

Idanunta suka juyo, ƙwaryar tana nan a bakinta. Barmani ba ta karkata ta ba, ba ta kuma janye ba. Ta dube ni ba fushi ba tausayi.

“Yi sauri, jika. Hannuna ya fara gajiya.”

Na daina murɗawa na ja murfin sama kawai. Ya fita. Ya suɓuce daga hannuna ya faɗi a kan dutse, ya fara gangarawa yana ƙara, yana juyawa, ƙarar tana ƙaruwa, ga shi murfin roba ne amma ƙarar ta ƙarfe ce.

Na buɗe ido. Kofin silba ne yake birgima a kan siminti a ɗakin Inna. Rana ta riga ta shigo ta taga. Na ji muryar Uwani, a gajiye, tana cewa, “Haba Inna, yau ma? Ko don jikokinki.”

Na tashi ko takalmi ban sa ba. Inna tana jingine da bango, furfurarta a kanta, leɓɓanta a tsattsage. Kunu ya malale a bakin tabarma, Uwani tana gogewa tana share hawaye da gefen mayafi. Na ɗauki kofin na ɗauraye, na zuba wani daga filas mai jan murfi.

“Ka bari zuciyarta ta huce tukuna,” in ji Uwani. “Yanzu ta ture.”

Na durƙusa. Na kurɓa, na ɗaga haɓa na haɗiye a hankali. Tsamin ya ji. Na share gefen kofin da babban yatsa, na juya mata inda bakina ya taɓa.

Inna ta kalli maƙogwarona. Ta kalli kofin. Ta ɗago hannuwanta biyu ta riƙe wuyan hannuna, ta jawo shi, ta sha. Ina jin saukar kunun a cikinta. Uwani ta zauna daɓas a cikin wanda ya zube, ba ta ma sani ba.

Sai da ta kusa shanyewa ta saki hannuna. Ta lashe leɓe, ta leƙa bayana wajen ƙofa, inda ba kowa.

“Malam,” ta ce, “ka gaya wa Iya ta rufe mini nawa kada ƙuda ya faɗa. Sai an jima zan zo.”

Na ce mata to. Na sake cika kofin, na fara kurɓa.